Lagwanin Gidan Tobarak

A unguwarmu ta bayan kasuwar zare, nan Narayanganj, kowane gida da injinsa. Wasu singileti suke saƙawa, wasu safa, wasu igiyar wando. Tobarak Bepari kuwa lagwani ya gada, kuma ba ya son a haɗa shi da masu safa. In ka kuskura ka ce masa ai duk saƙa ce, sai ya cire tabarau ya dube ka sama da ƙasa, ya tambaye ka ko ka taɓa ganin wanda ya kwana da yunwa don safarsa ta huje. Mutum ne mai gaskiya, wannan babu mai musu. Amma yana da tauri irin na ƙofar katakon da ta sha damina, ba ta rufuwa ba ta buɗuwa sai da kafaɗa.

Injinansa uku ne a ɗakin ƙasa, tsofaffi, tun na mahaifinsa. Allurai na zagayawa suna cafke zaren auduga, lagwani na sauka ta tsakiya yana naɗewa a cikin kwando. Daga nan a tafasa shi da soda don ya saki maiƙon da ke hana shi shan kananzir, a shanya a kan rufi, a yayyanka, a ɗaure daidai yawan ramukan risho. Wannan duk aikin maza ne, kuma rabin garin sun iya. Abin da ya raba gidan Tobarak da saura yana sama, a kicin.

Ba a fitar da kaya daga gidan sai uwargida ta dafa shinkafa da shi. Haka mahaifiyarsa ta yi har ta koma ga Allah, haka matarsa Joygun ta karɓa tun lallen amarci bai goge mata ba. Duk sanda aka sauke sabon saƙi, Tobarak zai ɗauki ɗauri guda ya hau bene, ya ajiye a kan wani ɗan katako da aka kafa a bango a bakin kicin, ya sauko abinsa. Ba ya cewa komai. Joygun za ta zura lagwanin a tsohon rishonta, ta bari ya sha mai, ta kunna, sannan ta ja ƙofa ta sa sakata, ta rufe taga ruf. Rufewar nan ita ce gwajin, domin iska maƙaryaciya ce a wajen wuta. Tana iya sa lagwani mai kyau ya yi ja, tana iya kwashe warin marar kyau kafin hanci ya kama shi. Sai Joygun ta zauna a kan 'yar kujera, cikin ɗakin da bai wuce shimfiɗar tabarma biyu ba, ta zuba wa harshen wuta ido har shinkafa ta nuna. In wutar ta tsaya shuɗiya, gindin tukunya bai yi baƙi ba, ido bai yi yaji ba, sai ta leƙo ta matakala ta ce, “Baban Parul, a ɗaure.” In akasin haka ne ta ce, “A sake tafasawa,” wani lokacin tana faɗa tana share ruwan ido da gefen sarinta, zanen da matanmu ke ɗaurawa.

Fatake sun san da haka. Masu sarin lagwani su kai ƙauyukan kudu, inda ruwa ya fi ƙasa yawa kuma lantarki bai leƙa ba, tun suna cire takalmi suke tambaya, “Bhabi ta dafa?” Matar yaya ke nan a bakinmu, shi yayan kuma Bhai. In an ce ta dafa, sai a yi lodi. Tobarak yana jin daɗin tambayar nan har cikin ƙashinsa. Da bututun gas ya ratso ta layinmu maƙwabta duk suka ja, shi ya ƙi. Ta yaya mai saƙa lagwani zai ci abincin gas? Bai nemi jin ta bakin Joygun ba, kuma a nan ba zan ce ya fi sauran mazan unguwar laifi ba, haka muka taso muka tarar.

Tari ya fara mata a hankali. Da fari sai lokacin sanyi, ta sha citta da zuma ya lafa. Daga baya ya daina zaɓen lokaci. Ta kai in tana hawa benen sai ta tsaya a tsakiya ta dafa bango, ta yi kamar tana gyaran sari. Tobarak kan ji tarin daga ƙasa in injina sun tsaya, ya ce ƙurar auduga ce, kowa ma yana yi. 'Yarsu tilo, Parul, malamar makaranta ce a Comilla inda take aure. Ita ce ta zo hutu, ta ji numfashin uwarta yana ƙara kamar zugazugin da ya huje. Ba ta yi shawara da kowa ba ta tsayar da keke sai asibiti. Tobarak ya bi su yana gunaguni a kan aikin da ya bari.

Likitar yarinya ce, ba ta girmi Parul ba. Ta ɗaga hoton ƙirji ta daɗe tana dubawa.

“Inna, ki gaya min gaskiya, ba zan faɗa wa Baba ba. Sigari kike sha a ɓoye?”

Joygun ta kama baki. “Ni? Subhanallahi! Ko ganyen pan ban cika taunawa ba, 'yar nan.”

“To da me kike girki?”

Nan fa Tobarak ya gyara zama, an zo fagensa. Ya shiga bayani tiryan-tiryan, yadda ake zura lagwani, yadda ake jiran wuta ta daidaita, yadda fatake ke zuwa tun daga bakin teku saboda hannun matarsa. Yana cikin zuba likitar ta ajiye biro.

“Tsaya, Baba. Ta rufe taga, ka ce?”

“Ruf. In ba haka ba ai iska...”

“Kuma marar kyaun ma sai ta zauna da shi har abinci ya nuna?”

“Ai marar kyaun ake nema.”

“Tun yaushe?”

Ya buɗe baki zai ce shekara talatin da ɗoriya, da irin alfaharin da ya saba faɗa wa baƙi. Sai idonsa ya faɗa kan fuskar 'yarsa, ya haɗiye maganar.

Likitar ba ta yi masa faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta ce abin da ya lalace a huhun ya riga ya lalace, amma abin da ya rage zai kai ta shekaru in an kiyaye shi. Hayaƙi mai ƙarfi sau ɗaya kawai, in ji ta, zai iya jefa ta inda ba za ta rabu da tukunyar iska ba, kuma ba ita ba hawa bene.

A satin nan Parul ta sa aka jawo gas. Ta naɗe tsohon rishon a buhu ta tura can ƙarƙashin gado. Ranar da za ta koma ta tsaya a bakin ɗakin injina, jaka a hannu.

“Abba, ka ji ni da kyau. Ranar da na sake jin warin kananzir a saman nan, ranar zan ɗauke Umma. Kuma ba aro zan ɗauka ba.”

“A gidana za ki kafa min doka? Ke da na ɗauka a kafaɗa na kai makaranta?”

“Ka kai ni ne don in iya karanta takardar likita. Na karanta.”

Ya yi tsaki ya juya wa injin fuska, amma maganar ta shige shi. Tobarak bai san yadda ake zama a gidan nan babu Joygun ba. Ba zancen girki ko wanki kaɗai ba ne. Duk ƙarar injina, kunnensa yana sama, yana bin takun silifas ɗinta daga kicin zuwa ɗaki, yana jin sanda take niƙa yaji a kan dutse. Tsoro ya ji sosai, irin wanda bai taɓa ji ba, ya yi alkawari a ransa cewa an gama.

Watannin da suka biyo baya sun yi daɗi. Zaren da yake aiki da shi na kamfani guda ne tun zamanin mahaifinsa, ya san halinsa, don haka tsofaffin fatake suka karɓi kaya a kan sanayya. Joygun kuwa ta murmure. Kumatu suka dawo. Ta shuka barkono da kabewa a tsofaffin bokitai a kan rufi, ta fara leƙawa gidan maƙwabta hira, har wani lokaci ya ji tana 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi. Wata rana tana zuba masa abinci ta tsaya da ludayi a hannu.

“Baban Parul, ashe haka shinkafa take ƙamshi?”

“Da can fa?”

“Da can kananzir nake ji, ko a cikin madara.”

Ya yi dariya. Daga baya, yana wanke hannu, ya ga ba abin dariya ba ne, amma ya bar shi ya wuce.

Sai kamfanin zaren ya rufe. Haka nan aka wayi gari an sa kwaɗo a ƙofa, kamar yadda ake ta yi a shekarun nan. Dole Tobarak ya shiga kasuwa, ya sayo daga hannun wani dillali. Zaren fari tas, laushi kamar gashin jariri, har kyaun ya so ya yi yawa. Ya tsinki sili ya ƙona da ashana ya murza, ya ga toka. Ya tsinki wani daga wani dunƙulen, toka. Amma ya san masu haɗa zare da ragowar yankan tela sun ƙware, robar da ke ciki ba ta nuna kanta sai ta daɗe a kan zafi. Damina ta kusa, lokacin da ƙauyuka ke sayen lagwanin shekara, don haka ya saƙa duka.

Ya gwada yin gwajin da kansa. Ya aro risho a maƙwabta, ya shige ɗan ɗakin ajiya na bayan gida ya rufe. Ashe kallon wuta ma aiki ne. Ƙurar auduga ta daɗe da kashe masa hanci, ko kifi ya ruɓe a gabansa ba ya ji. Idonsa kuma ya fara yana, shuɗi da rawaya duk sun zame masa dishi-dishi. Ya zauna ya zura wa wuta ido kamar baƙauye a gidan silima, har sai da muryar Joygun ta sauko daga taga.

“Baban Parul! Me kake toyawa a ƙasa, shinkafa ko tukunya?”

Ya fito da baƙar tukunya da ƙanzo, bai san komai fiye da sanda ya shiga ba.

Ana haka Sobahan Mridha ya sauka daga jirgin ruwa. Shi ne babban mai sarinsa, mutumin Patuakhali, ƙato mai jan baki saboda taunar pan, ganyen da muke ci kamar goro, wanda ba ya iya magana ƙasa-ƙasa ko a gidan makoki. Ya zauna a kan buhu, aka kawo shayi, ya ɗauki ɗauri guda yana juyawa.

“Kai, Bhai, wannan fari haka? Lagwani ne ko rawanin ango?”

“Sabon zare ne.”

“Na gani. Bhabi ta dafa?”

Tobarak ya dubi kofin shayinsa. Kalma guda ce, kuma babu mai hawa bene ya bincika. Amma ƙarya ba ta taɓa zama a bakinsa ba, bai san ta inda ake fara ta ba.

“Ba ta dafa ba. Likita ta hana.”

“Ash! Allah ya ba ta lafiya. To wa ya dafa?”

“Ni.”

Sobahan ya tuntsire da dariya har shayi ya zube masa a zani. “Kai? Kai da ko ruwan zafi aka ba ka sai ka ƙona? Haba Bhai!” Sai ya goge baki, dariyar ta tafi. “Ka san mutanena. Mace ce a tsibiri, ruwa ya zagaye ta, itace ya jiƙe, yara na kuka. In lagwani ya ƙi, ba ta da inda za ta mayar, sai dai ta tsine min, kuma ni zan koma garin baɗi. Da tsohon zare ne da na ɗauka ido rufe. Amma sabon zare, ba a dafa ba? To me ya raba naka da na gidan can da ke saƙa igiyar wando da safe, lagwani da yamma?”

Maganar ta soki Tobarak inda ba ya so.

“Jirgina sai gobe da la'asar,” in ji Sobahan yana neman takalminsa. “Zan biyo. In an dafa, a yi lodi. In ba a dafa ba, babu rigima, zumunci na nan. Ka gaida min Bhabi, ka ce na ce ta ci kifi da yawa.”

Washegari bayan sallar asuba Tobarak ya tsaya a gaban tulin lagwanin. Ba zai tambaye ta ba, wannan ya yanke. Tambaya zalunci ce, ya yi alkawari, kuma shi ba mutumin banza ba ne. Amma ajiye abu a kan katako ai ba tambaya ba ce. In ta gani ta ƙyale, shi ke nan, ya sauko da shi da rana. In kuma ta ga za ta iya, tunda ta samu sauƙi, tukunya ɗaya ce kawai. Haka ya yi ta lallashin kansa, kuma mutum in yana son ya yaudari kansa ba ya rasa lauya.

Ya hau da ɗaurin. Joygun tana ɗaki tana lazimi. Katakon yanzu ya cika da kwalabe, mangwaron da ta jiƙa da mai da yaji tana shanyawa. Babu wurin ajiye komai. Wanda ƙafarsa ce kawai ta kawo shi bisa sabo, da ya ga haka ya juya. Tobarak ya sa hannu ya matsar da kwalba guda a hankali don kada ta yi ƙara, ya ajiye ɗaurin, ya sauko a kan yatsun ƙafa.

Yana sauka ya tada injinan duka uku, abin da ba ya yi sai rana ta ɗaga. Gidan ya ɗauki rugugi. Ya yi ta kai da kawo a tsakaninsu, yana ɗiga mai inda ba a buƙatar mai, yana gyara allurar da ba ta karye ba. Yau kam ba ya son kunnensa ya hau sama.

Da hantsi ya yi, ya kasa daurewa ya kashe su. Shiru ya sauka. Ya tsaya a gindin matakala yana jiran a leƙo a ce a ɗaure, ko a ce masa wane irin rashin hankali ne wannan. Wallahi da zagin ya zo da ya karɓa da hannu biyu. Babu takun silifas, babu tari ma. Can ya ji murfin tukunya ya faɗi ƙasa yana ta juyi har ya kwanta.

Bai san sanda ya hau ba. Ƙofar kicin na rufe da sakata ta ciki. Ya kira, ya buga, ya ja baya ya sa kafaɗa. Hayaƙin da ya tarye shi har mataccen hancinsa sai da ya ji, wari kamar an jefa silifas a wuta. Joygun na zaune a ƙasa ta jingina da bango, leɓunanta sun yi duhu, ƙirjinta na sama da ƙasa babu abin da ke shiga. Ta riga ta kashe rishon. A hannunta akwai lagwani guda da ta zaro, bakinsa ya narke ya dunƙule ya yi tauri kamar tsakuwa. Ta miƙo masa.

“Roba... a ciki. Kar ka... ba Sobahan.”

Maƙwabta ne suka sauko da ita a kan kujera. A asibiti aka sa mata robar iska a hanci, aka hana shi shiga. Sobahan ya zo da la'asar da kwakwa biyu a hannu, ya zauna kusa da shi a benci. Da zai tafi ya ce da ya san haka ne da ya haɗiye harshensa jiya. Tobarak ya ce masa ba laifinsa ba ne, kuma gaskiya ya faɗa. Kayan kuwa daga baya masu ɗaure buhu suka kwashe su a matsayin igiya.

Parul ta iso a daren, amma sai da aka kwana biyu Joygun ta iya haɗa magana. Suna tsaye su biyu a bakin gadon, uba da 'ya, Parul ta sunkuya.

“Umma, ya aka yi? Wa ya kawo miki?”

“Ni na sauka... na ɗauko. Babanki bai sani ba. Zaman banza ne... ya ishe ni.”

Parul ta ɗago ta dubi ubanta. Tobarak ya dubi ƙasa. Mutumin da ya kasa yi wa falke ƙarya da kalma guda, ga shi ya tsaya shiru matarsa na yi masa ita da ɗan numfashin da ya rage mata. Ya ji kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige, amma bai buɗe baki ba. Parul ba yarinya ba ce. Ta gyara wa uwarta mayafi, ba ta ƙara tambaya ba, kuma daga ranar ta daina haɗa ido da shi.

Abin da likitar ta faɗa shi ya faru. Aka sallami Joygun da tukunyar iska da za ta riƙa bin ta duk inda ta je, ba hawa bene, ba ƙura. Gidan Parul a Comilla na ƙasa ne, da fili da itatuwa. Babu wanda ya zauna aka yi shawara, kowa ya san inda maganar ta nufa.

Ranar tafiya motar haya ta biyo ta gida don a ɗauki kayanta. Joygun ba ta fito ba, tana kujerar baya, tukunyar na tsakanin ƙafafunta. Daga tagar motar take kallon benen da ta yi rayuwarta a ciki. Parul ta hau haɗa kaya, direba ya tafi neman shayi. Tobarak ya yi ta zagaya motar kamar mai neman inda taya ta sace, daga ƙarshe ya buɗe ƙofa ya zauna a gefenta.

“Uwar Parul. Ɗaurin nan...”

“Na sani. Ka matsar min... da kwalbar mangwaro.”

Ta ja iska, ta ci gaba a gutsure, tana hutawa a tsakani.

“Na fito na gan shi. Na tsaya ina kallo. Na ce bari in jira, zai hawo ya yi magana. Har na zauna a bakin matakala. Sai na ji ka tada injina duka.”

“Ban so in tambaye ki ba ne. Na ga in na tambaya na matsa miki.”

“Da ka tambaya, da na ce a'a.”

Ya juyo ya dube ta.

“Na shirya ta a bakina, Baban Parul. Tun ranar da Sobahan ya zo nake maimaita ta, ai ana jin muryarsa har rufi. Ina son numfashin nan. Na fara sabawa da shi.”

“To me ya sa kika kunna? Me ya sa ba ki bar shi a wurin ba?”

“Wa zan ce wa a'a? Katako?” Ta yi ɗan murmushi, tari ya katse shi. Ya jira har ya lafa. “Tun ina amarya ajiyewa ake yi, ni kuma in ɗauka. Ban iya wucewa in bar shi ba. Hannuna ya riga ni.”

Tobarak ya sunkuyar da kai. Duk shekarun nan yana cewa shi bai taɓa tilasta mata komai ba, har yana faɗa a majalisa. Yanzu ya ga dalilin, kuma ba abin faɗa a majalisa ba ne. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

“To yanzu ina tambaya,” ya ce. “Zan sayar da injinan. Duka ukun. In sa a wanke ɗakin ƙasa, a yi fenti, a fasa taga babba. In sauko da gadonki. Ni zan yi girkin, ko ƙanzo ne mu ci tare. In na yi haka, za ki dawo?”

Joygun ta daɗe tana kallonsa. Babu fushi a idonta, da ma akwai da ya samu abin riƙewa. Ta dubi layin, inda ƙurar auduga daga gidajen maƙwabta ke yawo a cikin hasken rana tana sauka a kan gilashin motar. Sannan ta ɗora hannunta a kan nasa, abin da ba ta taɓa yi a waje ba.

“A'a, Baban Parul.”

A hankali ta faɗa, har da tausayi. Parul ta sauko da akwati, direba ya dawo yana goge baki. Tobarak ya fita ya rufe mata ƙofa da kansa, ya taya su ɗaure kaya a bayan mota, ya ja igiyar ya ƙara ja ko da ta riga ta ɗauru. Motar ta tashi a hankali saboda ramukan layin. Ya tsaya a bakin ƙofa har ta sha kwana. Ya so ya ji haushinta ko kaɗan ne, don ya samu sauƙi, ya nema ya rasa. Amsar daidai ce, kuma ya san da a waccan safiyar ya hau ya karɓe ta, da yanzu matarsa na sama.